Hanta da Jini

Ƙannena da 'ya'yana na unguwar Federal Low-Cost a Gombe, da ku nake yau, musamman ku da kuke cika bencin mai shayi bayan Isha'i kuna gardamar ƙwallo. Akwai wani tela da da yawanku kuka sa ɗinkinsa ranar Sallah tun kuna yara. Ba zan kama sunansa ba, Allah ya jiƙansa da rahama. Labarinsa nake so mu duba, domin ni kaina da na shafe shekaru ina koyar da ilimin halittu a sakandare, sai da aski ya zo gaban goshi na gane cewa abin da nake zanawa a allo shi ne yake gudana a gidan maƙwabcina.

Da barci abin ya fara. Mutumin da ake kwatance da shi wajen sammako, sai ga shi da hantsi ya kifa kai a kan keke yana minshari, da dare kuma idonsa biyu yana zagaya tsakar gida. Aka ce gajiyar ɗinkin azumi ce. Sai ya yanka shaddar wani alhaji a karkace, shi da bai taɓa ɓata yadin kowa ba. Sai zura zare a allura ya gagare shi. Wata safiya ya dubi uwargidansa ya tambaye ta daga wane gida aka aiko ta. Nan fa gida ya rikice. Masu cewa sammu ne suna faɗa, masu cewa iska ce suna faɗa, har an fara lissafa telolin da ake zargi da yi masa hassada. Aka yi hayaƙi, aka kawo jiƙe-jiƙe a robobin ruwa, wani baƙi wani ja, kowa da wanda ya ce sha-yanzu-magani-yanzu ne.

'Yar ƙanwarsa ce, wata ma'aikaciyar jinya, ta zo dubiya ta tsaya tana kallonsa. Ta ja uwargidan gefe ta ce, “Inna, kwana nawa rabon Kawu da ya zaga?” Inna ta yi lissafi ta ce huɗu. Yarinyar ta durƙusa gabansa ta ce, “Kawu, miƙo hannuwanka, ka ɗaga tafin kamar za ka tsayar da Keke Napep.” Ya miƙa. Tafukan suka riƙa faɗuwa suna tashi kamar fiffiken tantabara. Ta miƙe ta ce, “Wannan hanta ce. A nemo mota yanzu.”

A asibiti babban abin da aka riƙa ɗura masa wani ruwan magani ne mai kauri da zaƙi wanda ke sa zawayi. Dangi suka yi ta guna-guni a baranda: mutum ya zautu, a rasa abin ba shi sai maganin wankin ciki? A rana ta uku ya buɗe ido ya tambaya wa ya rufe shago, kuma an kai wa alhaji haƙuri a kan shaddarsa?

To, mece ce ta haɗa bayan gida da hankalin mutum? Amsar tana cikin maganar da kuke ji a bakin iyayenku. Idan Bahaushe zai kwatanta amincin da ba ya rabuwa sai ya ce wane da wane hanta da jini ne. Wanda ya fara faɗin haka wataƙila mahauci ne, kuma bai yi kuskure ba. Hantar baligi wajen kilo ɗaya da rabi ce, amma a kowane minti kusan lita ɗaya da rabi na jini ke ratsa ta, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zuciya ke harbawa. Mafi yawan wannan jini, kusan kashi uku cikin huɗu, daga hanji yake tasowa. Duk jinin da ya kwaso abinci daga tumbi da hanji ba a barinsa ya wuce zuciya kai tsaye. Ana tara shi a wata babbar jijiya da likitoci ke kira jijiyar ƙofa, ita kuma ba ta da wurin zuwa sai hanta. Allah ya tsara abin kamar tsohon birni mai ganuwa: ƙofa ɗaya, kuma kowane kaya sai an sauke an duba.

Dalilin binciken shi ne hanjinmu gari ne guda. Wani ƙiyasi na 2016 ya ce jikin baligi na ɗauke da ƙwayoyin bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Zamansu can alheri ne, suna taya mu narka abinci. Sai dai wasunsu, irin su E. coli, ɓawon jikinsu yana da dafi. Wani Bajamushe, Richard Pfeiffer, shi ya lura a 1892 cewa ko an kashe ƙwayar cutar kwalara da zafi, gawarta tana nan da gubarta, ya raɗa wa gubar suna endotoksin. Kullum ƙwayoyin nan na mutuwa a cikinmu, kullum ɗan ɓurɓushin dafin yana tsallake bangon hanji ya faɗa jijiyar ƙofa. Ga kuma amoniya, wadda ke fitowa idan ana sarrafa nama, wake, ƙwai da makamantansu a hanji. Wanda ya taɓa shiga makewayin tasha ya ji warin da ke sa ido hawaye ya san amoniya.

A cikin hanta jinin yana rage gudu, ya rarrabu cikin 'yan siraran lunguna masu bango mai huji-huji kamar rariya. A jikin bangon nan wasu ƙwayoyin halitta ke zaune, aikinsu cafke baƙo su haɗiye. Karl von Kupffer ya fara ganinsu a 1876, shi ya sa ake kiransu da sunansa, ko da yake Tadeusz Browicz, wani ɗan ƙasar Folan, shi ya gane ainihin aikinsu a 1898. Ni dogarai nake ce musu a aji. Su ne kaso mafi tsoka na irin waɗannan masu gadin da ke zaune dindindin a gaɓoɓin jiki. Abin da ya fi burge ni da su shi ne kawaici. Dafin da in ya kai sauran jiki zai ta da zazzaɓi da jijjiga, su suna kwashe shi dare da rana ba tare da sun buga ƙararrawa ba. Bayansu kuma ga ainihin ƙwayoyin hanta, masu mayar da amoniya wani sinadari marar illa da ƙoda ke fitarwa a fitsari, masu haɗa ruwan matsarmama wanda ke sauka hanji ya hana bakteriya yin yawa fiye da kima, masu kuma ƙera albumin, furotin ɗin jini mai kama guba ya riƙe. Duk wannan yana faruwa yanzu haka a ƙarƙashin haƙarƙarinka na dama, kana zaune kana kurɓar shayi.

Idan wani abu ya daɗe yana yi wa hanta rauni, shekara goma, shekara ashirin, tana warkewa ne da tabo. Tabo kan tabo, har naman nan mai laushi da kuka sani a tiren mai tsire ya koma gudaji-gudaji mai tauri. Wannan shi ne taurin hanta, wanda likitoci ke kira sirosis, sunan da Bafaranshe René Laennec ya ƙirƙira a 1819 daga kalmar Girkanci mai nufin launin ruwan ƙasa-ƙasa da ya ga hantar ta koma.

Duk wanda ya yi damina a Gombe ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da ke biyo baya. Kun ga abin da ruwa ke yi idan yashi da leda suka toshe kwalbati. Ba ya tsayawa jiran a yashe. Yana taruwa, ya yi nauyi, ya fasa wa kansa hanya ta bayan gidaje, shekara kaɗan ka ga kwari ya haƙu inda da ake wucewa da ƙafa. Haka jinin hanji yake yi. Ya zo ƙofa ya tarar da ita a cushe, sai ya kumbura wasu ƙananan jijiyoyi na maƙoshi da tumbi da kewayen cibiya, ya bi ta nan ya zarce zuciya. Jinin da ya bi ɓarauniyar hanya bai ga dogari ko ɗaya ba. Nan hanta da jini suka raba gari.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba, kuma wannan ne wurin da nake so ku natsu. Jinin da ya taru a baya yana kumbura bangon hanji, bangon ya saki, kun kuwa san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan matsarmama ya ragu, hanji ya yi sanyin tafiya, bakteriya sun ninka. Ke nan dafin da ke shigowa ya ƙaru a daidai lokacin da masu kwashe shi suka gaza. Ragowar jinin da ya daure ya bi ta hantar ma ba ya samun tacewar kirki, domin hujojin rariyar sun liƙe, dogaran kuma ƙarfin haɗiyarsu ya ragu, kawaicin nan ya ƙare, sai kururuwa. Kururuwar tasu da shi kansa dafin suna zuga wasu ƙwayoyi na hanta masu saƙa tabo su ƙara himma. Dafi na haifar da tabo, tabo na buɗe wa dafi hanya.

Daga nan sauran jiki ke fara ɗanɗanawa. Jijiyoyin ciki suna saki, ƙoda ta ɗauka jini ya yi ƙaranci sai ta riƙe gishiri da ruwa, ciki ya cika ya yi tulu, ƙafafu su kumbura alhali kafaɗu na ramewa. Wani lokaci bakteriyar da kanta ke ƙaura daga hanji ta faɗa cikin ruwan cikin, ba tare da hanji ya fashe ba, ta ruɓar da shi. Wannan yana kisa cikin kwanaki in ba a yi allurar kashe ƙwayoyin cuta ba, ga shi kuma alamarsa kan zo a raine: ɗan zazzaɓi, ɗan ciwon ciki, ko rikicewar tunani kawai. Amoniya kuwa ƙwaƙwalwa take nufa, ta kumbura ƙwayoyin da ke hidimta wa jijiyoyin tunani, kuma idan ta haɗu da dafin bakteriya a jini aikinta ya fi muni. Kwana huɗun da telanmu ya yi bai zaga ba, kwana huɗu ne gubar na taruwa tana hawa kansa.

An daɗe da sanin wannan. A 1877 wani likitan Rasha, Nikolai Eck, ya yi wa karnuka tiyata ya karkatar da jijiyar ƙofa ta kauce wa hanta. A 1893 Ivan Pavlov da abokan aikinsa a birnin San Fitasbag suka maimaita, suka ga idan aka ba karnukan nama sai su fara tangaɗi, su yi faɗa, su yi farfaɗiya, su suma. Ba wanda ya yi wa karen Rasha sammu. Shi kuwa ruwan maganin da dangi suka raina, laktulos sunansa, tun 1966 ake amfani da shi a wannan ciwo. Wani nau'in sukari ne da hanjinmu ba ya iya tsotsewa. Yana isa babban hanji bakteriya su mayar da shi tsami, tsamin ya ɗaure amoniya ya hana ta shiga jini, zawayin ya yi waje da ita. Ana auna shi yadda majiyyaci zai zaga sau biyu ko uku a rana. Wanda abin ke yawan dawo masa akan ƙara masa rifaksimin, maganin da ke zama a hanji ya rage masu haɗa gubar. Ban ce kada a yi addu'a ba, wa ya isa? A yi ta a cikin motar da ke kan hanyar asibiti.

Yanzu sai ku ce, Malam, wannan ai ciwon mashaya ne, mu ina ruwanmu? Telanmu bai taɓa kai giya bakinsa ba. Gaskiya ne giya na taurara hanta, kuma wanda ke sha a ɓoye ya sani hantarsa ba a ɓoye mata. Amma a ƙasarmu babbar mai wannan aika-aika ita ce ƙwayar cutar hanta nau'in B. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a faɗin ƙasa a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ita, kashi 1.1 kuma na da nau'in C. Ku ƙirga kanku a bencin nan: cikin mutum goma sha biyu, ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke rayuwa da nau'in B, kuma nau'o'in biyu sun kashe wajen miliyan 1.3 a shekarar. Mugun halin cutar shi ne ta fi kama gida a jikin wanda ta shiga yana jariri. Cikin jarirai goma da suka ɗauka, wajen tara za su rayu da ita, alhali baligi in ya kamu galibi jikinsa na korar ta. Tana shiga daga uwa lokacin haihuwa, ko ta askar da ta taɓa wani jinin: askin suna, cire beli, kaciya, tsaga, ƙaho, reza ɗaya ga yara biyar, allurar da aka maimaita a ɗakin mai kemis. Tana bin saduwar aure ma. Daga nan sai ta yi lamo. Yaro ya girma, ya yi ƙwallo, ya yi aure, ba ciwon kai ba shawara, tana nan tana saƙa tabonta.

Bari in tsaya in kashe wata magana da ke yawo a unguwa. Ba a ɗaukar wannan cuta ta zufa, ko musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko tsayawa kafaɗa da kafaɗa a sahu. Na ga yaron da aka ware wa kofi da cokali a gidan ubansa, har abokai suka daina ba shi hannu. Wannan jahilci ne, kuma shi ke sa mutane gudun gwaji.

Akwai mai taya ta ɓarna a rumbunanmu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin hunhuna, hunhunar na fitar da guba mai suna afalatoksin wadda dahuwa ba ta kashewa, kuma idan ta haɗu da cutar hanta nau'in B haɗarin kansar hanta yana ninkuwa sosai. In an aike ka kasuwar Tudun Hatsi sayen gyaɗa ko masara, ka buɗe buhun ka sa hannu har ƙasa, ka shinshina. Ƙwayar gyaɗar da ta yamutse ko ta yi ɗaci, tofar da ita.

Rigakafin nau'in B ya shiga jerin alluran yara a Najeriya a 2004. Duk wanda aka haifa kafin nan bai samu ba, sai in shi ya nema da kansa. Waɗanda aka haifa bayan nan ma, nawa ne aka haifa a gida aka yi zaman bakwai ba a leƙa asibiti ba? Allurar farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, ragowar a mako na 6 da na 10 da na 14. Ku samari masu shirin aure, ku riƙe wannan: ranar da matarka ta sauka, kafin ka fara kiran dangi da cinikin rago, ka tabbata an yi wa jaririn allurar nan. Kai kuma baligi, gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, minti kaɗan. In ba ka da ita, allura uku ce cikin wata shida. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, har da na ciwon hanta. Ba sai mun jira doka ba.

In kuma gwaji ya nuna kana da ita, kada hantarka ta kaɗa. Ba kowa ke buƙatar magani nan take ba, likita ne zai auna ya gani, kuma akwai masu duba wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka. Wanda ya cancanci magani, ƙwaya ɗaya ce a rana, tenofobir, tana danne cutar ko da ba ta fitar da ita gaba ɗaya ba. A wani bincike da aka wallafa a 2013, cikin mutum 96 da hantarsu ta riga ta taurara, 71 an sake dubawa bayan shekara biyar suna shan maganin aka tarar taurin ya ja baya. Hanta tana da yafiya in an daina dukanta. Nau'in C ma yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 12. Abin da ba shi da shaidar warkarwa shi ne jarkar nan da ake tallatawa da lasifika a bakin kasuwa, wadda wai take wanke hanta da basir da sanyi a lokaci guda. Duk abin da ka haɗiya, ta jijiyar ƙofa zai bi, kuma hantar da ta gaji ita za ta karɓe shi. Jiƙe-jiƙen da aka ɗura wa telanmu ba wanda ya san abin da ke ciki, har masu kawowa. In likita ya tambaye ka me ka sha, faɗa masa duka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wasunku a gida kuke da mai wannan ciwo, kuma ku ake aika kemis. Kada ku sayo masa diklofenak ko burufen don ciwon jiki, suna iya fasa masa jini a ciki su kuma kashe ƙoda. Kada ku ba shi maganin barci don ya hana gida sakat da dare, wannan juyewar barcin ita ce alamar farko. Farasitamol ma sai gwargwadon da likita ya yanka. A rage masa gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa. Amma al'adar nan ta hana mai ciwon hanta nama da ƙwai da wake har ya koma ƙashi da fata, likitoci sun bar ta tuni, domin tsokar jiki ita ce ke taya hanta kwashe amoniya, in ta zube an rasa mataimaki na ƙarshe. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, har da ɗan abin taɓawa kafin ya kwanta.

Telanmu ya ƙara shekara biyu a duniya, ya koma kan kekensa, ya aurar da 'yarsa ta fari. Wani dare ɗaya daga cikin jijiyoyin nan na maƙoshi ta fashe. Ashe kwana biyu yana bahaya baƙi kamar kwalta bai faɗa wa kowa ba, sai da aman jini ya zo. Bai kai arba'in da biyar ba. Bayan sadakar bakwai 'yar ƙanwar tasa ta tasa dangi gaba zuwa gwaji, aka samu cutar a jikin ƙannensa biyu da suke ciki ɗaya. Suna nan da ransu suna shan magani, ɗayansu ma shi ke riƙe da shagon.

Don haka ina roƙonku, a cikin makon nan kowa ya je a ɗiga jininsa, ya tafi da ƙaninsa da ƙanwarsa. In kuma wani babba a gidanku cikinsa ya fara kumbura, ko idonsa ya yi rawaya, ko darensa ya koma rana, kada ku tsaya neman wanda ya yi masa hassada. Ku tambayi rabonsa da bayan gida, ku ce ya miƙo hannuwansa, sannan ku nemo mota.